Ɗakin Mama Dulcie Ya Gaza da Yatsu Biyu

Ranar Litinin da safe na sauko ƙarƙashin gidanmu da kofin shayi a hannu, niyyata in duba ko ruwa ya ɗan leƙo. A matakala ta huɗu daga ƙasa na gamu da silifas ɗin surukata, ƙafar hagu, yana iyo a hankali kamar mai zuwa gaisuwa. Ƙafar dama har yau ba a ji ɗuriyarta ba. Can tsakiyar ɗaki kujerarta ta hutawa tana ta juyi, wani ƙaton kwaɗo ya hakimce a kai yana kallona, sai ka ce ni ne na shigo ba sallama. Na ba shi haƙuri, na koma sama na shanye shayina. Shekara talatin da ɗaya na yi ina koyar da lissafi a sakandare, kuma babban abin da na koya shi ne, idan aji ya kaure ba da ihu ake farawa ba.

Kakanninmu na nan jihar Kwinsland ba wawaye ba ne. Sun ɗora gidajensu a kan dogayen ginshiƙai suka bar ƙasa fayau, iska ta wuce, ruwa ya wuce, kowa ya kama gabansa. Mu ne masu wayo da muka zo muka dubi wannan fili muka ce asara ce. Muka zagaye shi da bango, muka sa ƙofa da taga da labule, sannan duk bayan 'yan shekaru mu tsaya riƙe da ƙugu muna mamakin yadda ruwa ya bi hanyar da aka bar masa tun asali.

A gidanmu marigayi Clarrie, mijin Mama Dulcie, shi ya yi wannan wayon shekara hamsin da ɗoriya da suka wuce. Gidan nata ne. Shekara shida ke nan da gwiwoyinta suka ce sun gaji da matakala goma sha shida, sai ta tattara ta koma ɗakin ƙasa, ta kira ni da matata Noelene muka tare a sama. Shekarunta tamanin da huɗu. Daga ƙofarta zuwa gindin mangwaro da 'yar gonar kabewarta taku goma ne, ba hawa ba sauka, kuma wannan taku goman shi ne duniyarta. Ranar Lahadi da la'asar, da muka ga ruwa ba shi da niyyar ɗaukewa, ni da maƙwabcina Merv Tuckett, tsohon kafinta, muka ɗora ta a kujerar kicin muka haura da ita sama, tana ta ba mu umarni a kowace matakala. Tana da ɗa a can kudu, Gavin, wanda ya daɗe yana cewa lokaci ya yi da za a kai ta gidan kula da tsofaffi kusa da shi. Ita kuwa ta ce daga wannan gida sai coci, daga coci sai kusa da Clarrie.

Kafin wani ya ɗora wa kogi laifi, ba ruwan kogi. Yana can yana harkar gabansa. Abin da ya cinye mu shi ne kwalbatin ƙarshen layinmu, wanda ya toshe tun ina da gashi a ka. Mai Girma Sarkin Magudanai, Allah ya ƙara masa lafiya, ya ziyarce shi ana saura wata biyu zaɓe, da hular kwano ruwan ɗorawa da sabon shebur mai ƙyalli. Ya caka shebur a ƙasa sau ɗaya, aka ɗauki hoto, aka tafa. Bayan mako aka kafa allo mai cewa AIKI NA TAFE. Ni dai ba ni da ƙorafi a kan allon. An kafa shi da tsayi sosai, har ya zama ranar Litinin shi kaɗai ne abin da ruwa bai taɓa ba a layinmu. Wannan shi ake kira hangen nesa.

Kada kuma a ce ba mu yi rigakafi ba. Ranar Asabar na yi awa biyu a layin karɓar buhunan yashi, mota bayan mota har bakin makabarta. Da na isa gaba, wani bawan Allah ya ce buhu akwai, yashi ya ƙare. Ya tura ni ɗaya rumbun, can hayin gada. A can yashi tsibi guda, buhu ne babu. Na tambaya ko ba za a iya haɗa su aure ba, aka ce buhu na ƙarƙashin wani ofishi, yashi na ƙarƙashin wani, kuma ba sa aiki a gini ɗaya. Saƙon gargaɗi na hukuma kuwa ya iso wayata ranar Litinin da tsakar rana. Ya ce ana hasashen ruwa mai ƙarfi, a ɗauki mataki. Na karanta shi ina tsaye cikin ruwa har cinya, na kuma shaida hasashen ya yi daidai.

Merv ya zo da injin zuƙar ruwa a baro.

"Ka kashe wutar gidan?" in ji shi.

"Tun jiya."

"To ka fi rabin layin nan hankali. Riƙe bakin tiyo, Malam, kada ka yi masa lacca."

Muka wuni muna zuƙe ruwa daga ɗaki muna zubawa a titi. Daga titi ya gangara kwalbati, kwalbati ya ce ba ya karɓar baƙi, sai ya zagayo ta bayan gidan Merv ya dawo mana ta ƙarƙashin ƙofa. Wajen azahar Merv ya nuna wani ganyen mangwaro ya ce wannan ne karo na uku da ya wuce mu, ya gane shi da tabon da ke gefensa. Muka kashe inji muka je muka ci burodi da gasasshen nama. Ranar Talata ruwan ya janye don kansa, ya bar mana laka har idon sawu da wani wari da ba zan kwatanta muku ba, domin wasunku suna karanta jarida ne a kan abinci.

Ranar Laraba na yi kuskuren da ya sa nake rubuta wannan shafi.

Na buga wayar ofishin agajin ambaliya. Aka sa mini kiɗa na minti arba'in, ana katse shi jefi-jefi a gaya mini kirana yana da muhimmanci. Daga baya wata baiwar Allah mai daɗin murya ta ɗauka, ta jajanta mini, ta fara cika fom.

"Wurin da ruwa ya shiga, me ake yi da shi?"

"Surukata ce ke zaune a ciki," na ce.

Na ji yatsunta suna gudu a kan na'ura.

"Kwana take yi a ciki?"

"Shekara shida ke nan."

"To. Za mu turo wani."

Na sauko ina murna na gaya wa Merv za a turo wani. Ya ajiye shebur a hankali, ya goge hannunsa a wando.

"Maimaita mini abin da ka ce mata."

Na maimaita.

"Wurin ajiya, Lindsay. Wurin ajiya ake cewa. A ina ka girma? 'Yata da mijinta da yara biyu shekara uku suka yi a wurin ajiyata. Gidan da ke kallonmu, kawun matar ne ke ajiye a ƙasa. Duk layin nan ba gidan da bai ajiye wani ba. Hukuma ta sani, mun san ta sani, ta san mun san ta sani, ba mai buɗe baki. Sai kai."

"Tambayata aka yi, mutumina."

"Ai tambayar tarko ce, kowa tsallake ta yake yi."

Noelene tana kan matakala da bokiti tana jinmu. Ta ce, "Shekara talatin da biyar da aurenmu ban taɓa jin ka yi ƙarya ba, Lin. Ina alfahari da hakan, har zuwa yau da ƙarfe goma."

Ga waɗanda ba su taɓa ajiye kowa ba, ga yadda lissafin yake. Doka ta ce kafin a kira wuri ɗakin kwana, daga daɓe zuwa silin sai ya kai mita biyu da santimita arba'in. Yawancin ƙarƙashin gidajenmu ba su kai ba, domin ba don mutane aka yi su ba, don ruwa ne da injin wanki da kare. Shi ya sa kowa ke cewa wurin ajiya. Ni ma na sani. Bakina ne ya riga kaina, baki kuwa shi ke yanka wuya.

Kwalbati ya shekara tara yana jiran a turo wani. Ni kwana biyu na jira. Ranar Juma'a da ƙarfe tara daidai sai ga Mai Girma Sarkin Awo a ƙofar gida, matashi mai ladabi, da sababbin takalman roba da tef ɗin awo a ƙugu. Duk mai cewa hukumarmu ba ta da sauri, bai taɓa faɗa mata gaskiya a kan kansa ba ne.

Ya shiga, ya taka kafet ɗin da ya jiƙe sharkaf, ya kafa tef a ƙasa ya miƙa shi sama. Ya rubuta. Ya sake a kusurwa. Ya fito tsakar gida da fuskar likitan da ya ga abin da ba ya so.

"Mita biyu da talatin da shida. Ya gaza da santimita huɗu."

Santimita huɗu, jama'a, faɗin yatsu biyu ne. Ku ɗaga hannunku ku duba.

Mama Dulcie tana zaune a baranda a sama, ta leƙo ta kan shinge.

"Ɗan nan, tsawona mita ɗaya da rabi ne, kuma kowace shekara raguwa nake yi. Me zan yi da ragowar?"

"Doka ba ta duba tsawon mai ɗaki, Misis Pascoe."

"To tsawon wa take dubawa?"

"Na ɗakin."

"Ɗakin bai taɓa kawo ƙara ba."

Ya yi murmushi, amma ya ba ni takarda. Ta ce wurin ba ɗaki ba ne, don haka ba agaji, tunda ruwa bai shiga ɗakin kowa ba. Ta kuma ce ba a yarda kowa ya sake kwana a ciki ba, kuma zai dawo bayan kwana goma sha huɗu ya tabbatar babu gado. Na tafi neman taimako na dawo da hukunci. Tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka.

Labari ya isa kudu kafin takardar ta bushe. Gavin ya bugo, ya turo hotunan gidan tsofaffin, inda ake ganin wasu masu furfura suna ta dariya a gaban kwanon ganye, ban san me ganyen ya ce musu ba. Ina so in yi wa Gavin adalci, ba mugu ba ne. Ya ce ba za ta iya zama a sama ba, gaskiya ne, domin wanda sai maza biyu sun ɗauke shi kafin ya taka ƙasa fursuna ne ko da 'yarsa ce mai gadin. Ya ce ƙasa kuma an hana. Ya ce akwai gurbi, ya sa sun riƙe mata, zai zo ranar Lahadin da ke bin ƙarewar wa'adi ya tafi da ita.

Na zaci Mama Dulcie za ta tayar da jijiyar wuya. Ba ta yi ba. Ta saurare shi har ya gama, ta ce to. Washegari ta ce Noelene ta sauko mata da akwatin tafiya daga kan kabad. Ta daina toya wainar kabewa. Ta daina gardama da mai karanta labarai a talabijin. Takan zauna a baranda tun safe tana kallon gonarta daga sama, inda kabewa biyu suka tsira daga laka, ba ta cewa komai. Mace ce da ta shekara talatin da biyar tana gyara mini yadda nake yanka burodi. Ranar da na yanka shi a karkace da gangan a gabanta ta kalle ni ta kau da kai, ranar na tsorata.

Na rubuta wasiƙar roƙo, shafi biyu, kowace hujja da lambarta. Amsa ta zo cikin minti ɗaya, ta ce an karɓa, za a duba cikin kwanakin aiki talatin. Na tambayi Merv ko za a iya ɗaga gidan. Ya ce ana yi, da jak da ƙarafa da izinin ofisoshi uku, kuma idan aka fara yau za a gama kafin Kirsimeti, bai dai ce na wace shekara ba.

Ranar Asabar ta biyu, saura kwana shida, muka ce ko ɗaki ne ko wurin ajiya dole a fitar da abin da ke ruɓewa a ciki, domin wari ya fara hawa matakala. Muka buɗe tagogi, muka kafa fankoki biyu, muka yanke gindin bango inda ya sha ruwa. Sannan muka yayyanka kafet muka naɗe shi muka fitar tsakar gida. Ni na shimfiɗa wannan kafet shekara shida da suka wuce, kuma ina amsa laifina a nan, a kan abin da na tarar na shimfiɗa shi, ban leƙa ƙarƙashi ba.

A ƙarƙashi akwai soso. A ƙarƙashin soso akwai falankin katako da suka kumbura kamar burodin da aka tsoma a shayi. Merv ya sa ƙarfe ya ɓamɓare ɗaya, sai ga koriyar leda. Na ja wani yanki na fita da shi, sai na ji murya daga baranda.

"Wannan ta shekarar da Gavin ya karye a hannu ce. Ruwa ya kai taga a lokacin."

Karon farko ke nan da ta yi magana ba a tambaye ta ba cikin kwana bakwai. Na koma da sauri na ciro wani abin. Ƙarƙashin koriyar leda tayil ne masu ruwan ƙasa, an dasa su a kan siminti mai kauri.

"Clarrie ya samo su da araha a wurin wani Ba'italiye," ta ce. "Bayan ruwan da ya tafi da kajinmu. Ku ci gaba, akwai ja a ƙasa."

Akwai kuwa. Jar leda mai zanen furanni, a ƙarƙashinta an jera tsofaffin jaridu.

"Mama, shi Clarrie ba ya cire tsohon ne kafin ya sa sabo?" in ji Merv, yana haki.

"Mijina bai taɓa cire komai ba a rayuwarsa sai hularsa a coci. Ruwa ya janye, ya jira ya bushe, ya rufe. Haka ubanka ma ya yi, Merv Tuckett, je ka tona naka ka gani."

Ɗaya daga cikin jaridun nan ta ɗago ba ta yage ba. A shafin farko ga hoton wani babban mutum na wancan zamanin, da malafa da kwat, ya caka shebur a bakin kwalbatinmu. A ƙasa an rubuta cewa za a kammala aiki kafin damina mai zuwa. Na duba da kyau, ina jin shebur ɗin ma shi ne, gadonsa ake yi. Na shanya jaridar a kan igiya, domin alkawari irin wannan bai kamata a bar shi ya ruɓe ba.

Da la'asar muka kai ga ainihin daɓen kankare. Muka wanke shi da tiyo. A kusa da ƙofa akwai sawun ƙafar yaro a cikin simintin, Noelene ta durƙusa ta daɗe tana kallo, ta ce nata ne. Ni ina tattara kaya, sai na ga Merv ya tsaya tsakiyar ɗaki ya ɗaga hannu sama yana miƙa yatsu. Dogo ne, kuma ya saba idan ya shigo ya dafa silin da tafin hannu yana magana. Yanzu da ƙyar yatsunsa ke shafa shi.

"Malam," ya ce a hankali, "miƙo mini tef."

Mita biyu da arba'in da ɗaya. Muka auna kusurwa huɗu da tsakiya. Na rubuta kowanne a bango da fensir, na ja layi biyu a ƙarƙashi kamar yadda nake sa yara su yi.

Litinin da sassafe na koma wa kiɗan nan na waya. Mai daɗin murya ta taya ni murna. Ta ce sake awo yana da fom ɗinsa, kuma layin masu jira ya kai mako shida.

"Ai Sarkin... ai jami'inku zai zo ranar Juma'a," na ce. "Tef ɗin yana ƙugunsa."

"Wancan zuwan na tabbatarwa ne, ba na awo ba."

"Idan ya tabbatar babu gado fa?"

"Sai a rufe fayil. Wurin ya zama wurin ajiya a rubuce. Buɗe shi kuma wani fom ne."

Gurbin da Gavin ya riƙe ba zai jira mako shida ba, kuma wanda aka kai irin gidajen nan da akwati ba kasafai ake dawo da shi ba. Kowa a gidanmu ya san haka, ba wanda ya faɗa.

Ranar Juma'a Mama Dulcie ta sa rigarta ta zuwa coci ta ce a saukar da ita. Ta ce idan barin gida za ta yi, ta ƙofarta za ta fita. Muka sauko da ita a kujerar kicin muka ajiye ta a tsakiyar kankare, jakarta a cinya. Tara daidai Sarkin Awo ya shigo. Ya gaishe ta, ya waiwaya hagu da dama, ya ga ba gado, ya zaro biro.

Merv ya cika ya batse. Na ga bakinsa zai buɗe, na taka masa ƙafa. Na san irin wannan matashi, na koyar da ɗaruruwansu. Idan ka ce wa yaro mai ƙoƙari amsarsa ba daidai ba ce, zai rungume ta har kabari. Ba haka ake yi ba. Durƙusa wa wada ba gajiyawa ba ne.

"Yallaɓai, kafin ka sa hannu, ina da 'yar buƙata, ba ta aiki ba ce," na ce. "Ni tsohon malamin lissafi ne, abin kunya, na yi ta gwada awon nan amma na kasa samun lambar da ka samu. Na san hannuna ne. Ko za ka nuna mini yadda ake riƙe tef ɗin? Don kada in mutu da jahilci."

Fuskarsa ta saki. Ya mayar da biro aljihu.

"Abu ne mai sauƙi, Mista Purcell. Kuskuren da mutane ke yi shi ne karkata tef. Ka ga, sai ka kafa bakinsa a ƙasa sosai, ka tsayar da shi cak, sannan ka karanta da ido a daidai, ba daga gefe ba. Kamar haka. Sai ka ga..."

Bai ƙarasa ba. Ya matsa da ido. Ya naɗe tef ya sake warware shi. Ya tafi kusurwar taga ya auna, ya tafi bayan ƙofa ya auna. Ya buɗe fayil ya dubi lambarsa ta farko, ya dubi silin, ya dubi ƙasa.

"Ɗakin ya ƙaru," ya ce.

"Ruwa ya sha, ɗan nan," in ji Mama Dulcie. "Kabewata ma haka take yi."

Noelene ta fito da shi tsakar gida ta nuna masa tsibin kafet da katako da tayil da leda kala biyu. Ya daɗe a tsaye. Ni dai na ƙyale shi, domin idan yaro yana gab da gano amsa ba a yi masa tari. Can ya ce ba awo ya zo yi ba. Na ce haka ne. Ya ce amma ya riga ya gani da idonsa, kuma ba zai sa hannu a kan lambar da ya san ba ita ba ce. Ya juya fom ɗin, ya samo wani ɗan gurbi a baya da aka tanada don gyara, ya cika shi a kan murfin injin wanki. Allah ya yi wa iyayen yaron nan albarka, ina fata kada a gane a ofis a hore shi.

"Sai dai da sharaɗi," ya ce. "Santimita ɗaya kacal kuke da shi rara. Ba kafet, ba katako, ba tayil. Fenti, ko leda siririya."

"Guda nawa?" in ji ta.

"Ɗaya, Misis Pascoe."

"Ka ji, Lindsay. Ɗaya." Ta buɗe jaka ta ciro waya ta miƙa wa Noelene. "Kira mini ɗan'uwanki."

Muna tsaye muna jinta. Ta ce masa ya zo ranar Lahadi kamar yadda ya shirya, amma ya taho da tsofaffin kaya, akwai fenti. Ya ce ruwan nan fa zai dawo, Mama, ko bana ko baɗi. Ta ce ta sani, sau biyar yana zuwa tun tana amarya, kuma bai taɓa zuwa bai same ta a gida ba, ba za ta fara yi masa rashin kunya da tsufanta ba. Ni na karɓi wayar na yi masa alkawarin cewa da hadari ya haɗu za mu haura da ita sama, ba sai saƙon hukuma ya iso ba. Sai ya tambayi wane launi take so. Yanzu haka tana ƙasa, a kan shuɗin fenti da bargo a ƙafa, tana gardama da mai karanta labarai.

Jiya kuwa 'yar mujallar da majalisar gari ke jefa mana a akwatin wasiƙa ta iso. A shafi na biyu Mai Girma Galadiman Gidaje ya lissafa nasarorinsa na wannan wata, kuma a cikinsu akwai samar da sabon muhalli guda ɗaya mai cika ƙa'ida a layinmu, don amfanin wata dattijuwa. Ina taya shi murna da zuciya ɗaya. Merv ya riga ya fara tona nasa ɗakin, gidan da ke kallonmu ma na ji ƙarar guduma. Idan Allah ya sa aka bar kwalbatin nan yadda yake, ambaliya biyu kacal ta rage mana mu kawo ƙarshen matsalar gidaje a garin nan.